Zafin Yola da Jimeta: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Haɗa Kayan Tafiya

Duk shekara jama'a masu yawa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya da Jos suna kama hanyar Yola. Wasu ɗalibai ne da suka sami gurbi a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, ko Jami'ar Amurka ta Nijeriya, ko reshen Makarantar Horon Lauyoyi. Wasu matasa ne masu yi wa ƙasa hidima da aka tura sansanin Damare. Akwai fatake masu zuwa kasuwar shanu ta Ngurore, akwai kuma waɗanda biki ko aikin gwamnati ya kai su. Yawancinsu cikin zafi suka tashi, saboda haka idan aka ce musu Yola akwai zafi, sai su ɗauka abin da suka saba ne. Sai sun sauka a tashar Jambutu ko a filin jirgin sama, sun kwana ɗaya, sannan su gane cewa wannan zafin daban yake, kuma rabin abin da suka cika jaka da shi ba zai yi musu amfani ba.

Haɗa kayan wannan tafiya ya rataya a kan abu biyu: sanin watan da za a je, da fahimtar yadda gumi ke aiki a jikin mutum. Wanda ya fahimci waɗannan biyun zai iya zaɓar kayansa da kansa, ko Yola za shi, ko Lokoja, ko Legas, ko Duwala.

Wane irin zafi ne?

Abin da ake kira Yola garuruwa biyu ne da suka haɗe. Akwai tsohon garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamiɗo take. Akwai kuma Jimeta a bakin Kogin Binuwai, inda gidan gwamnati da yawancin ma'aikatu da babbar kasuwa suke. Yanayinsu ɗaya ne, kuma yana sauya fuska sau uku a shekara.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne: iska a bushe, ga ƙura, ga ɗan sanyin asuba, ko da yake da rana ana jin zafi. Daga Maris zuwa farkon Mayu bazara ce, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a kai a kai. A Afrilun 2010 an auna zafin da ya haura digiri 46 a Yola, wanda yana cikin mafi tsananin da aka taɓa rubutawa a Nijeriya. Daga Mayu zuwa Oktoba kuma damina ce, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, zafin rana kuwa yakan sauko zuwa wajen digiri 30 zuwa 32.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ce damina sauƙi ne. Abin da alƙaluman ba su nuna ba shi ne danshi. Danshin iska shi ne yawan tururin ruwan da iska ke ɗauke da shi, ana kuma auna shi da kashi cikin ɗari. Idan ya kai ɗari, iska ta ƙoshi ke nan, ba za ta iya karɓar ƙarin ruwa ba. A Yola danshi yakan sauka ƙasa da kashi 30 a Fabrairu da Maris, sannan ya haura zuwa wajen kashi 80 a tsakiyar damina. Wato gari ɗaya yana da busasshen zafi, yana kuma da zafi mai danshi. Lokacin da ya fi wahala shi ne gaɓar da suka haɗu, daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da danshi ya riga ya iso amma ruwan sama bai zauna ba. Akan sake samun irin wannan cunkushewar iska a Oktoba, bayan ruwa ya fara ɗaukewa.

Me ke jawo shi?

Dalili na farko shi ne Yola a kwari take. Tsayinta daga doron teku bai kai mita 200 ba, alhali Kano ta kusa mita 500, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Ƙa'idar yanayi ita ce duk hawan mita dubu zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, saboda haka wanda ya baro Jos ya gangaro Yola, kamar ya ƙara wa kansa digiri shida ne ko fiye tun kafin a yi maganar danshi.

Na biyu shi ne ruwa. Daga Afrilu iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika tana fara tura busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa, kuma tana isa Yola kafin ta isa Kano ko Katsina, ta kuma daɗe ba ta janye ba. Ga Binuwai, ga fadamun da ke gefensa, ga Tafkin Geriyo da gonakin shinkafarsa, duk suna ƙara wa iskar tururi. Na uku shi ne ginin birni: rufin kwano, bulon siminti da kwalta suna shan rana tun safe, su yi ta sakin zafin cikin dare. Shi ya sa a Afrilu ɗaki kan kasance da zafi har bayan sallar Isha'i da nisa, mutane su fito da tabarma tsakar gida.

Yadda jiki ke sanyaya kansa

Jikin ɗan Adam yana son ya zauna a wajen digiri 37. Idan iskar waje ta fi fata sanyi, zafi yana fita da kansa. Idan kuwa iskar ta kai zafin fata ko ta wuce, hanya ɗaya ta rage, ita ce gumi. Amma fitar gumin ba ita ke sanyaya mutum ba, bushewarsa ce. Duk ɗigon da ya zama tururi ya bar fata, yana tafiya da zafi.

Duk wanda ya san randa ya san wannan. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasar, iska ta busar da shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Da rani ruwan randa har haƙori yake kamawa, da damina kuwa randar na nan jiƙe sharkaf amma ruwan ba wani sanyi, domin iskar da za ta ɗauke tururin ta riga ta ƙoshi. Haka jikin mutum yake. A Maris gumi yana bushewa kafin a gan shi, mutum ya yi ta rasa ruwa bai sani ba, sai dai ya ga farin gishiri a wuyan rigarsa. A Agusta gumin yana zuba, riga ta manne da baya, amma sanyin da ake nema bai samu ba.

Daga nan ƙa'idar haɗa kaya ta fito. Duk abin da zai bar iska ta ratsa fata, ya bar gumi ya bushe, ya shiga jaka. Duk abin da zai toshe wannan, a bar shi a gida. Sai kuma a tanadi abin da zai mayar wa jiki ruwa da gishirin da ya rasa. Ya kamata a san cewa jiki yana sabawa da sabon zafi, amma yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu, don haka kwanakin farko su ne na taka-tsantsan.

Tufafi

A nan aka fi yin kuskure, kuma kuskuren yana da dalili. Mai zuwa baƙunta yana son ya fita kunya, sai ya ɗauko kayansa mafi tsada, waɗanda galibi su ne mafi nauyi. Shadda mai sitaci da sheƙi tana da kwarjini, amma sitacin ya toshe ƙofofin zaren, iska ba ta wucewa. Leshi mai duwatsu da aka yi wa shafi da yadin roba, shi ma haka. Irin waɗannan a ɗauki ɗaya, na ranar ɗaurin aure ko Juma'a, a sa su na 'yan sa'o'i a tuɓe.

Kayan yau da kullum su zama na auduga marar kauri ko lilin. Ga maza, boyel da yadi mai laushi sun fi komai, a ɗinka su da yalwa, kaftani ko jallabiya ko 'yar shara. Ɗinkin da ya kama jiki, wanda samari ke yayi, yana hana iska zagayawa tsakanin fata da riga, kuma wannan zagayawar ita ce ke busar da gumi. Ga mata, atamfar auduga ta gaskiya da doguwar riga mai faɗi sun fi. Hijabi da mayafi suna bukatar kulawa ta musamman, domin yawancin na kasuwa na roba ne, suna kuma rufe kai da wuya, inda zafi ke taruwa. Hijabin auduga mai haske biyu ko uku da za a riƙa canzawa sun fi guda shida na roba. Baƙar abaya tana shan rana, a ajiye ta don fitar yamma.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada yadi tun a kasuwa. A ɗaga shi a dubi haske ta cikinsa, sannan a kara shi a baki a hura. Idan ana jin iskar a tafin hannu ta ɗaya gefen, zai yi. A ɗiga masa ruwa kuma: auduga tana tsotsewa nan take, yadin roba kuwa ruwan zai tsaya a kansa yana gangarewa.

Yawan kayan da za a ɗauka ya danganta da wanki. Da bazara riga tana bushewa cikin sa'a ɗaya ko biyu, saboda haka kala uku ko huɗu sun isa mako, muddin akwai sabulu. Da damina shanya tana iya kwana biyu ba ta bushe ba, ta soma wari, don haka a ƙara yawan kayan ciki, singileti da gajerun wanduna da safa, duk na auduga, a kuma zaɓi siraran kaya masu saurin bushewa. Wandon jins da tawul mai kauri ba sa bushewa a Agusta. Siririn tawul da zani ɗaya sun fi su amfani, don zani yana zama abin rufa, abin shimfiɗa, abin goge jiki, har labule. Igiyar shanya 'yar gajera ba ta cin wuri. Kada a shanya kaya a ƙasa ko a kan ciyawa, domin a wurare masu danshi akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kan tufafi, tsutsarsa ta shiga fata ta zama kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan, musamman a kayan jarirai.

Jarirai ba sa iya daidaita zafin jikinsu kamar manya. Hular ulu da safa da bargon da aka saba naɗe su da shi ba su da wuri a Yola sai da asubar hunturu. Goyo ma yana haɗa zafin uwa da na ɗa, don haka zanin goyo ya zama siriri, a kuma riƙa sauke yaron yana shan iska.

Duk da zafin, matafiyi ya sa riga ɗaya mai dogon hannu a jaka. Tana kare sauro da yamma, tana kuma amfani idan an yi ruwan dare gari ya yi sanyi.

Ƙafa da kai

Takalmi biyu sun wadatar. Na farko buɗaɗɗe mai sauƙin cirewa, domin a masallaci da gidajen mutane da fada ana yawan tuɓe takalmi. Da damina na roba ya fi, saboda na fata idan ya jiƙa yana yin funfuna cikin kwanaki kaɗan. Na biyu rufaffe, ga wanda zai shiga gona ko ƙauye. Yankin da ya tashi daga kudancin Gombe zuwa kwarin Binuwai ya yi suna da kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, har akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo, a kan hanyar Yola. Rufaffen takalmi da tocila da dare su ne kariyar farko. Sabon takalmi kuwa kada a fara sa shi a wannan tafiya, don ƙafa tana ɗan kumbura a zafi, kuma ƙanƙanin ciwo a fatar da ke jiƙe kullum yana daɗewa bai warke ba.

Hular zanna ba ta tare rana. Wanda zai wuni a kasuwa ko a fili ya nemi malafa mai faɗi ko lema. Lema tana aiki biyu, ta rana da ta ruwa, kuma ta fi rigar ruwa ta leda, wadda ke jiƙa mutum da guminsa. Masu larurar zabiya dole ne su tanadi man kare fata daga rana da dogon hannu da tabarau, haka ma duk wanda fatarsa ta yi laushi saboda mayukan canza launi.

Ruwa da gishiri

Mai aiki cikin zafi yana iya rasa lita ɗaya ta gumi a cikin sa'a guda. Ƙishirwa kuwa tana makara, ba ta zuwa sai jiki ya riga ya fara ƙaranci. Ma'aunin da kowa ke da shi shi ne fitsari: idan ya yi ja ko ya ragu, ruwa bai isa ba. Saboda haka gorar ruwa ta lita ɗaya ko fiye ba ta rabuwa da matafiyi, kuma mai riƙe sanyi ta fi.

Gumi ba ruwa kaɗai ba ne, yana fita da gishiri, shi ya sa wani kan sha ruwa da yawa amma ya ji kasala da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Maganin wannan shi ne garin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira ORS. Ƙunshi biyar ko shida ba su da nauyi, kuma ana dama kowanne da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, ana haɗa shi a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarfi, yawansa yana da haɗari, musamman ga yara.

ORS yana da wani amfani mafi girma. Da damina ambaliya tana haɗa ruwan sha da ƙazanta, kuma Adamawa ta sha fama da kwalara, kamar yadda aka gani a Mubi a 2018 da kuma Yola a 2024. Amai da gudawa a cikin zafi suna ƙarar da ruwan jiki cikin sa'o'i, don haka a fara shan ORS tun a gida, a kuma garzaya asibiti. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi. Ƙanƙarar da ake jefawa cikin zoɓo da kunun aya ma ruwa ce, kuma ba kullum ake sanin daga ina ta fito ba.

Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin azumi ya raba shan ruwansa tsakanin buɗa-baki da sahur, maimakon ya kwankwaɗa lokaci ɗaya, ya kuma tsara fitarsa da sassafe. Masu sikila su fi kowa kiyayewa, domin ƙarancin ruwa yana tayar musu da ciwo.

Sauro

Inda ruwa ke kwanciya, sauro ke haihuwa, kuma Jimeta tana da fadama ta kusan kowane gefe. Macen sauron da ke yaɗa maleriya tana cizo ne daga faɗuwar rana zuwa asuba. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, don haka ba baƙon ciwo ba ne, sai dai wanda ya zo daga inda sauro ke ɗaukewa da rani, ko ya daɗe a ƙasar waje, garkuwar jikinsa ba ta kai ta mazauna wurin ba.

Gidan sauro mai magani shi ne abu mafi muhimmanci a wannan babi, kuma kada a dogara cewa masauki zai bayar. A haɗa da igiya da ƙusoshi kaɗan, don sau da yawa ana samun gidan a rasa inda za a ɗaura shi. Sabo fil a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki, saboda kada ya sa ƙaiƙayi. Mutane da yawa suna ƙin shiga gidan sauro saboda zafi, musamman masu kwana a waje, kuma wannan shi ne daidai lokacin da aka fi cizonsu. Fanka ƙarama mai caji da za a shigar cikin gidan tana warware matsalar. Man shafawa mai korar sauro, wanda ke ɗauke da sinadarin DEET, yana amfani wajen hirar dare.

Zazzaɓin maleriya ba ya bayyana nan da nan. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu bayan cizo, wani lokaci sai mutum ya koma gida. Duk zazzaɓin da ya zo a lokacin tafiya ko bayanta, a yi gwajin jini kafin a sha magani. Mai juna biyu da wanda ya taso daga ƙasar da babu maleriya su ga likita kafin tafiya, don akwai maganin riga-kafi da ya dace da kowannensu.

Ba sauro kaɗai ne haɗarin ruwan da ke kwance ba. Wanka a tafki ko kududdufi yana jan hankali idan rana ta take, musamman ga yara, amma ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayarta ke shiga ta fata.

Fata da magunguna

Basilin da man kaɗanya abokan hunturu ne. A zafi mai danshi suna toshe ƙofofin gumi, su haifar da ƙurajen zafi a wuya da baya da gaɓoɓi. Abin da fata ke so a lokacin shi ne wanka sau biyu ko uku, a goge jiki ya bushe sarai, musamman hamata da matse-matsi da tsakanin yatsun ƙafa, sannan a sa hoda kaɗan. Ƙyasfi da makero da ƙaiƙayin tsakanin yatsu duk suna son danshi, don haka ƙaramin man shafawa na irin waɗannan cututtuka yana da wuri a jaka.

Wanda ke shan magani kullum, na hawan jini ko ciwon sukari ko asma, ya ɗauki abin da zai ishe shi har da ƙarin kwanaki. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, bayan mota kuwa da rana yana wuce haka nesa. Allurar insulin ta fi kowanne rashin jure zafi, tana bukatar ƙaramar jaka mai riƙe sanyi, amma kada ta daskare. Wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari, don haka a tambayi likita yadda za a yi da su a zafi, kada a daina sha da ka. Akwai kuma al'adar haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac bayan doguwar tafiya. Shansu a lokacin da jiki ba ruwa yana iya yi wa ƙoda illa.

Wuta, waya da takardu

Wutar Yola tana zuwa ne ta dogon layin da ya biyo ta Jos da Gombe, kuma idan ya sami matsala yankin gaba ɗaya yana shiga duhu. Fanka mai caji, tocila da batirin ajiya na cajin waya suna cikin kayan dole. Mai hawa jirgi ya riƙe batirin a jakar hannu, don ba a yarda a sa shi cikin kayan da ake aunawa ba. Idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka kaɗai iskar zafi take hurowa, sai an yayyafa wa jiki ruwa ko an ɗora jiƙaƙƙen zani sannan take amfani.

Katin shaida, takardun makaranta da kuɗin takarda a sa su cikin leda mai zif. Ruwan Yola yakan zo da iska mai ƙarfi ba shiri, keke Napep kuma, wanda shi ne abin hawan gari, a buɗe yake ta gefe. Wanda zai zo tsakanin Agusta da Oktoba ya tambayi ko unguwar da zai sauka ruwa yana shigarta. Madatsar Lagdo da ke Kamaru, wadda aka kammala a 1982, tana kan Binuwai sama da Yola, kuma idan sakin ruwanta ya haɗu da ruwan sama mai yawa kogin yana tumbatsa, kamar yadda ya faru a 2012 da 2022. A irin wannan lokaci a saurari sanarwar hukumomi a rediyo, jaka kuma kada ta kwana a ƙasa.

Alamomin haɗari

Illar zafi tana zuwa mataki-mataki. Da farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da gumi mai yawa. A wannan matakin a shiga inuwa, a sassauta tufafi, a sha ruwa ko ORS, a huta. Idan kuwa mutum ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, to zafin jikinsa ya kai wajen digiri 40, kuma rai na cikin haɗari. A kwarara masa ruwa, a yi masa fifita, a kai shi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Parasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, wanda ya suma kuma ba a ɗura masa ruwa a baki. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin bazara kuma alamar sanƙarau ce, ita ma ba ta jira.

Abin da za a bari, da yadda za a jera sauran

Ba komai ake ɗaukowa daga gida ba. Bokiti, buta, tabarma, silifas, lema da sabulu duk suna nan a babbar kasuwar Jimeta. Guzuri ma a taƙaita shi. Kilishi, dambun nama da ƙuli-ƙuli suna daɗewa da rani, amma da damina suna jan danshi su yi funfuna, kuma funfunar gyaɗa tana da guba mai cutar da hanta. A rufe su cikin roba mai murfi, a cinye da wuri. Garin da ke da kindirmo da kifin Binuwai da kunun gyaɗa ba ya bukatar a zo masa da abinci mai yawa.

Wanda zai zarce ya yi lissafin gaba. Mai haurawa tsaunin Mambila a Taraba yana bukatar rigar sanyi ta gaske. Mai tsallakawa Garwa a Kamaru yana bukatar fasfo da katin allurar shawara, ya kuma tuna Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS.

Hanyar mota daga Kano ko Jos tana bi ta Gombe, Kaltungo da Numan, tafiyar wuni ce, kuma babbar jaka tana can bayan mota tana gasuwa, ba a isa gare ta sai an sauka. Saboda haka a raba kaya gida biyu. A ƙaramar jakar da za ta zauna a cinya a sa gorar ruwa, ORS, magungunan yau da kullum, katin shaida saboda shingayen bincike, waya da batirinta, hankici, da riga ɗaya ta canji. A babbar kuma a sa gidan sauro a sama, domin galibi da dare ake isa, kuma shi za a fara nema.